Karyar Malam Bukar a Cikin Baho

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai koyon aiki, sai an sami wani mai sabuwar farar riga ya dube ni ya ce, "Oga, ai fiɗiyar kare ba wani aiki ba ne. A tsaga, a cire, a ɗinke." Ni kuwa sai in ce masa gaskiyarsa, haka ma tuƙin jirgin sama yake: a tashi, a yi tafiya, a sauka. Shekara ashirin da ɗoriya ina malamin dabbobi a ƙasar Haɗeja. Saniya ta taka ni, jaki ya harbe ni, raƙumi ya fesa mini abin da har yau idan na tuna sai na wanke fuska. Amma ban ga aikin da ke sa mutum gumi tun bai taɓa aska ba kamar na kare. Yankan da sauƙi. Abin da ke furfurar da mutum shi ne sanin ko za a yi, in kuma za a yi, yaushe.

Karen farko da na ga an kawo wa maigidana, marigayi Malam Gambo, Allah ya jiƙansa, wani makiyayi ne ya janyo shi da igiya ranar kasuwa. Muna cikin dandaƙar bijimai, ƙarfen dandaƙa na hannuna, wannan mai kama da ƙatuwar filaya. Makiyayin ya ce tun da ƙarfen na nan da ɗuminsa, a matse masa karen ma a huta, don ba ya so ya girma ya riƙa barin shanu yana bin karyoyi. Ni har na fara naɗe hannun riga. Malam Gambo ya karɓe ƙarfen ya ce, "Wannan na bijimi ne da bunsuru. Ka matse kare da shi, ka tabbata ka fi shi gudu." Ya sa aka buɗe bakin karen, sai ga haƙoran nono farare ƙal kamar shinkafa. Ya ce wa makiyayin, "Ɗan nan bai gama yin ƙashi ba. Mai da shi ruga. Ranar da ka ga ya fara ɗaga ƙafa yana fitsari a gindin bishiya, ka ba shi 'yan watanni, sannan ka dawo." Makiyayin ya tafi yana mita, wai malaman birni sun fi son surutu da aiki.

Kayan aikinmu a wancan zamani duk suna cikin wani akwatin ƙarfe da ya girme ni: aska, almakashi, ƙananan ƙarafan kama jijiya, allurar ɗinki mai lanƙwasa, zare, auduga, aidin, da sirinjin gilashi wanda in ya fashe Malam Gambo zai fi son a ce ni ne na fashe. Aikina shi ne dafa su a kan risho, da ɗaure bakin kare da bandeji. Na shekara ina dafa ƙarfe kafin ya yarda in riƙe aska. Yau kuna da safar hannu ta roba da allurar barci mai kyau, ku gode wa Allah. Amma tambayar da yake fara yi wa kowa ba ta tsufa ba: "Me karen yake yi maka?"

Domin amsoshin sun bambanta. Mafarauci zai ce maka kada ka kusanci karensa, wai in an fiɗiye shi zai zama malalaci. In karen ba ya cizon mutane, ba ya yawo, sai ka yi masa rigakafi ka sallame shi, ba dole. Akwai alhajin da ke da irin manyan karnukan nan na ƙasar waje, wanda abincinsa na yini ya fi nawa na mako, har na taɓa tambayarsa ko yana ɗaukar mutane aikin haushi. Irin wannan kare yakan daɗe yana girma, sai ka roƙi mai shi ya yi haƙuri ya wuce shekara, don gaɓoɓinsa su yi ƙwari. Namiji dai da sauƙi, abin a waje yake. Mace kuwa buɗe ciki ake yi a cire mahaifa da ƙwan haihuwa, kuma wannan aikin cikakken likita ne. Mu namu riƙewa da miƙa kaya da duba numfashi. Ga labarin macen da ta fi kowace ba ni ilimi.

A shekarar da ruwa ya yi mana mugun ta'adi, wadda kogi ya cinye shinkafa da gero tun ba su nuna ba, mutanen wani ƙauye a bayan Guri suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka hau wani tudu. Mutane, awaki, kaji, tukwane, duk a fili ɗaya. In ka yi atishawa sai maƙwabta bakwai su ce maka yarhamukallah. Cikinsu akwai Malam Bukar, dattijo manomin tattasai, wanda yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. 'Ya'yansa maza sun tafi neman kuɗi Kudu, daga shi sai matarsa Iya Falmata, sai wata jar karya mai suna Ƙyale-su. Ita ce idonsa. Ita ke gaba yana bin ƙarar 'yar ƙararrawar da ya ɗaura mata a wuya, ta kai shi lambu, ta tsaya cak in akwai rami ko maciji, ta dawo da shi gida. Ba don ita ba, da tuni ya zama mutumin zaure, sai an kawo a ba shi.

To a kan tudun nan Ƙyale-su ta shiga neman barbara. Iya Falmata, mace mai dabara, ta ɗauke ta ta jefa cikin rumbun da babu hatsi ta rufe, don kada a ƙara musu bakunan ciyarwa a shekarar yunwa. Amma wari ba a rufe shi a rumbu. Karnuka suka yi ta iyo suna haurowa. Na Guri sun zo, na Baturiya sun zo, na Miga sun aiko wakilai, akwai ma wani baƙi mai kunne ɗaya da na rantse da fasfo ya shigo daga Nijar. Suka kewaye rumbun suna faɗa, suna kifar da tukwane, suka kashe ɗan akuya. Dariyar ta ƙare ranar da ɗaya daga cikinsu ya ciji jikar Bulama a ƙauri, yarinya ƙarama da ta fito ɗaukar buta. Aka yi ta jigila da ita asibiti ana yi mata allurar cizon kare. Allah ya kiyaye, ta warke. Amma Bulama, wato mai garin, ya yanke hukunci: kafin Juma'a ko a kashe karyar, ko a miƙa ta ga masu sayen karnuka da ke zuwa da mota. Kowa ya san inda motar ke kai su.

Malam Bukar ya sa aka jagorance shi har ofishinmu. Bai ko zauna ba ya ce, "Malam, an ce kuna cire wa karya abin haihuwa. Yau nake so."

Na kira Likita Zainab, wadda ke shugabantar mu a lokacin. Ta yi masa tambayoyi a natse, sannan ta ce, "Baba, yau ba zai yiwu ba. Karyar da ke cikin wannan hali jijiyoyin cikinta a kumbure suke da jini. In na buɗe ta yanzu, tana iya tafiya a hannuna. A bar ta ta huce, a ba ta kamar wata biyu."

"Wata biyu? 'Yata, Juma'a aka ba ni."

"In na yi yau, ƙila in yi wa Bulama aikinsa ne da hannuna."

Dattijon ya murza carbinsa. Sai ya juyo wajen da ya ji muryata ya ce, "Kai mai dariyar nan, an ce bakinka ba ya gajiya. Zo mu je ka gwada shi a kan taubashina." A nan na san ashe shi da Bulama ɗan mace ne da ɗan namiji, tun suna yara suke tsokanar juna, sai dai tun da aka ciji yarinyar wasan ya tsaya.

Na sami Bulama a ƙarƙashin tsamiya, fuska a murtuke kamar hadarin gabas. Na gaishe shi, na jajanta, na yi bayanin jijiya da jini har da zane a ƙasa. Ya bar ni na gama ya ce, "Malam, ka ga ƙafar jikata?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"To ni ita nake gani in na rufe ido. Kai kana ba ni labarin jijiyar karya."

Gaskiya ya faɗa. Sai na ce masa abin da na sani kawai: cikin 'yan kwanaki warin zai ɗauke, baƙin karnukan su watse da kansu, in aka kashe wannan, gobe wata karyar za ta tara su, amma in aka yi mata aiki, ita dai ba za ta sake kiran kowa ba har ta mutu. Na ƙara da cewa za mu zo mu yi wa duk karnukan tudun rigakafin hauka. Bulama ya juya ga liman, wanda ke zaune gefe, ya ce, "Akaramakallahu, shin ma ya halatta a buɗe cikin dabba a cire abin da Allah ya sa mata?" Liman ya ce shi dai a fahimtarsa, in don kauce wa cuta ne, kuma ba za a azabtar da ita ba, ya fi a kashe ta sauƙi, balle ga bawan Allah da ke dogara da ita.

Malam Bukar, da muka zo tare, ya ce, "In ka ba da ita, Bulama, kai za ka riƙa kai ni lambu. Sai in ɗaura maka ƙararrawar."

Mutane suka ƙunshe dariya. Bulama bai yi ba. Ya ce, "Na ba ku zuwa ɗebe tattasai na fari. In aka kai kwandon farko kasuwa ba a yi mata aikin ba, kada wanda ya sake zuwa mini da zane a ƙasa."

Muka yi rigakafin, karnuka suka watse, Ƙyale-su ta fito daga rumbu ta koma bakin aikinta. Lissafinmu shi ne kafin lokacin ruwa ya janye, mota ta iya shiga har ƙauyen. Amma a shekarar nan ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ya rasa inda zai bi, ya yi zamansa kamar baƙon da ya ji daɗin tuwo. Sanyi ya shigo, tattasan da aka dasa a gefen tudu ya fara ja, amma tsakanin tudun da titi har yanzu sai da kwale-kwale. Likita Zainab ta ce ba za ta buɗe ciki a tudun ba, inda ake bandar kifi, ƙudaje sun fi mutane yawa har suna da nasu Bulaman. Dole a kawo ta Haɗeja.

Ranar aikin suka iso da hantsi, shi da Iya Falmata da karyar, wadda aka hana abinci tun jiya, tana hararar kowa. Malam Bukar ne ya riƙe kanta har allurar barci ta ɗauke ta. Na aske cikin, na wanke da sabulu, na shafe da aidin. Likita ta tsaga ɗan wuri kaɗan ƙasa da cibiya, ta laluba da yatsa ta zaro mahaifar, siririya mai reshe biyu, ta ɗaɗɗaure jijiyoyin, ta yanke. Jinin da ya fita bai cika cokali ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ni ma na gane: amfanin jiran ke nan. Ta ɗinke ciki, ta ɗinke fata, ɗinkin da telan unguwarmu zai gani ya sayar da kekensa.

Da karyar ta farfaɗo, Likita ta ce wa Iya Falmata, "Iya, abu ɗaya nake roƙo. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin nan sai mun cire zare. In ruwan fadama ya shiga, ciki zai ruɓe, kuma ba ni da maganinsa." Na so in ajiye ta a gidana ta warke, amma uwargida ta aiko cewa in na shigo da karya, in tabbata akwai wurin kwanana da ita a ofis. Ita ma karyar ba ta karɓar ko ruwa daga hannun kowa sai na maigidanta. Don haka na raka su a bayan a-kori-kura har bakin ruwa.

A nan muka ci karo da abin da ba wanda ya kawo a ransa. Karnukan fadama ba sa shiga jirgi. Tun kakanni, mutum ya hau kwale-kwale, karensa ya biyo shi da iyo. Da safen nan ma haka Ƙyale-su ta ƙetaro, ta girgije jikinta, ta hau mota. Ba wanda ya taɓa tambayar mai fito ko zai ɗauki kare, don ba a taɓa bukata ba.

Mai fiton, wani ƙaƙƙarfan mutum daga ƙauyen gaba, ya dogara sandarsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kare ba ya shiga jirgina. Mutane da kayan sallarsu ke zama a nan, ga garin tuwo, ga man ƙuli."

"Ba ta da lafiya ne, ɗana. An yi mata aiki."

"Allah ya ba ta lafiya. In na ɗauke ta yau, gobe a ce jirgin karnuka ne, wa zai hau?"

Wata mata daga cikin jirgin ta ce ita kam in karya ta shigo, ita za ta fita. Jirgin cike yake da masu dawowa daga kasuwa, kuma a can ƙarshe, zaune a kan buhu da babbar riga, ga Bulama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka sa baki?" Ya ce, "Jirginsa ne. Ni garina nake mulki, ba ruwa ba."

Rana ta fara sunkuyawa, iska mai sanyi na kaɗawa. Karyar na kwance a kan buhu tana rawar ɗari. Iya Falmata ta juye busasshen kifin da ya rage a bahon tallanta cikin ɗankwali, ta shimfiɗa zane a cikin bahon, ta ce a sa ta a ciki a tura a kan ruwa. Muka gwada a gefe. Karyar ta motsa kaɗan, bahon ya karkata, ruwa ya leƙo baki. Muka janye da sauri. Na ce bari in ɗauka a ka. Na miƙa hannu ke nan ta nuna mini haƙoran da suka tuna mini ina da iyali. Ga shi kuma, ku da kuka san ni, tsawona da faɗina ɗaya ne. Ruwan da ke kai wa mutane ƙirji, ni sai dai a ga hulata tana tafiya.

Malam Bukar ya tuɓe rigarsa ya ba matarsa. Ya ce, "Falmata, naɗa mini gammo."

"Malam, da wane idon?"

"Akwai tsohuwar hanyar shanu a ƙarƙashin ruwan nan. Na bi ta tun ba a haifi mai jirgin nan ba."

"Ka bi ta kana gani," in ji ta. Amma ta naɗa gammon.

Muka ɗora masa bahon, ni da Iya Falmata muka shiga jirgin. Dattijo mai furfura, da karya a ka kamar tallan fura, ya sa ƙafa a ruwa. Ba wanda ya yi dariya. Ya yi 'yan taku, ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, sai na ga yana karkata hagu, wajen da mai fito ya ce akwai tsohuwar rijiyar lambu. Jama'a suka ɗau ihu, wannan na cewa dama, wancan na cewa tsaya. Ya tsaya cak a tsakiyar hayaniya, hannu biyu a kan baho, bai san muryar da zai bi ba. Ƙararrawar da ya saba bi tana bisa kansa.

Sai jirgin ya yi wani irin girgiza. Bulama ne ya miƙe. Ya cire babbar riga da hula ya ɗora a cinyar na kusa da shi, ya dira cikin ruwa, fanjam! Ya kutsa har gaban taubashinsa, ya juya masa baya.

"Saki hannu ɗaya ka kama kafaɗata, makahon banza."

"Wa ke nan? Muryar kamar ta wani mai gari da na sani."

"Kama, ko in bar ka da rijiya. Kuma kowa ya shaida, ni Bukar nake ja. Abin da ke kansa ba ruwana da shi."

"Ai na faɗa maka za ka kai ni. Ƙararrawar ce kawai ban ɗaura maka ba."

"Ka ƙara magana ɗaya in nutse da kai."

Haka suka tafi, Bulama na laluben hanya da ƙafa, Malam Bukar na biye, mu kuma a jirgi muna bin su a hankali, don mai fiton da kansa ya rage gudu ya tsaya ta gefen da igiyar ruwa ke bugowa, yana tare musu. A wuri mafi zurfi ruwan ya kai musu haɓa. Ba ka ganin komai sai kawuna biyu masu furfura da baho, da jar karya ta leƙo tana kallon duniya kamar amaryar da aka ɗauko a mota. Matar da ta ce za ta fita ita ce ke ta salati tana cewa a yi a hankali.

Da suka taka tudu, ni da Iya Falmata muka sauke bahon. Malam Bukar, ruwa na zuba daga gemunsa, jiki na karkarwa, bai nemi riga ba. Ya ce, "Malam, duba mini."

Na durƙusa, ya riƙe kanta, na ɗaga ƙafar na shafa gefen ɗinkin da bayan yatsa. Na ce, "A bushe yake ƙayau, Baba. Ko ɗigo."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna daɓas a ƙasa.

Bulama na tsaye gefe yana matse wando, haƙora na haɗuwa. Ya leƙa cikin bahon daga nesa, ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya ce, "Shi ke nan, ta zauna." Ya juya ga Iya Falmata. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Hura mana wuta. Ita an lulluɓe ta da zane, mu da muka jiƙe ko shayi ba za a ba mu ba?"